Sifikar Ƙofar Direba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, irin gaisuwar da na saba yi maka a tsugune, kaina a ƙasa. Na san takardar nan ba za ta isa hannunka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma ranar Asabar na ga wani abu a cikin ƙofar motarka, kuma duk duniya ba wanda ya kamata ya ji shi sai kai.

Bari in fara da labarin gida, kar ka ce na rasa tarbiyya. Kowa lafiya. An yi rabon gado ba wanda ya ɗaga murya. Gonar bakin hanya ta yi gero, duk da ruwa ya ɗauke da wuri. Matar ƙanena Nura ta sauka, an sami mace, an mayar da sunan Inna. Gidanka na Sandamu a kulle yake, sai ranar Juma'a Nura ke zuwa ya share tsakar gida ya sake kullewa. Motar kuwa ta faɗa rabonsa. Ka san Nura da son kiɗa. Tayoyi duk sun suɗe, bai dube su ba, sai ga shi da sababbin sifiku huɗu da waya mai kauri, wai in sa masa a kowace ƙofa.

Tunda batir ya mutu, motar na nan gindin darbejiyar ƙofar gida inda ka ajiye ta, ni na kwashi kayan aiki daga Daura na same ta. Nura ya sauke mini kwalin sifikun, ya hau babur ya nufi Kongolam, ya bar ni da ita.

Ka san aikin, don sau biyu ana yin sa a gabanka. A cire bangon ƙofa na ciki, a zaro tsohuwar waya, a bi da sabuwa ta cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wahalar duk a nan take, don hannu ba ya shiga, ido ba ya gani. Sai a ɗaure bakin wayar a kebur ɗin burkin babur, a shafa ruwan sabulu, wani na turawa, wani na jawowa ta ɗaya gefen. Aikin mutum biyu ne. Ranar Asabar ni kaɗai na yi ta yi, in tura, in zagaya in jawo, ta kuɓuce, in sake daga farko.

Ka tuna karon farko? Bayan rasuwar Inna ne, sifikar ƙofar direba ta ɗauke, wadda kake jin labarai da ita kusa da kunnenka mai kyau. Na zo, ka jawo benci ka riƙe mini bakin kebur. Ni ne ɗanka na fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Da ina ƙarami yaron nan nake, da na koyi sana'a na koma mai gyara. Ko a ɗaki ɗaya ba ma daɗewa, in na shigo sai ka tuna da wani uzuri a waje. Amma ranar nan, da yake idonka na kan ƙofa ba kaina ba, sai ga magana tana fita. Ka ba ni labarin yadda ka koyi tuƙi a ɓoye, da dillalan shanun da kake kaiwa kasuwar Mai'adua suna ta musu a bayanka har a iso. Ka sha rabin furarka, ka turo mini sauran har ƙafar benci ta tare kwanon. Karo na biyu ma haka muka yi, har ladan ya kira la'asar ba mu sani ba.

Sai na uku. Ka aiko Nura ya ce sifikar ta sake ɗaukewa, na ce ranar Juma'a. Ka aiko wani direba da ke lodi a tasha, na ce bayan Sallah. Daga baya ka bugo mini da kanka, abin da ba ka taɓa yi ba, ka tambaya ko mai gyara ya sami sarari. Na ce insha Allahu. Da na ajiye, har mita na yi wa matata, cewa tsohon nan ya daina tuƙi, ga sauran sifiku uku na aiki, me zai yi da ta huɗu? Rumfata kuwa cike take da motocin samari masu son a ji su tun daga nesa. Tsakanin Daura da Sandamu kuma ko shayi ba zai huce ba ka isa. Ban zo ba sai da zazzaɓin ya kwantar da kai, lokacin ka daina gane mutane.

Shi ya sa ranar Asabar na bar ƙofar direba sai ƙarshe. Da na ɓalle robar na zaro tsohuwar wayar, sai hannuna ya tsaya.

Baba, shekaruna nawa ina wannan aiki? Wayar da tsufa ya kashe, na san ta. Rigarta kan bushe ta tsattsage, jan ƙarfen ciki ya yi baƙi, ya karkarye sili-sili, wani dogo wani gajere. In ɓera ne, yakan bar shaidar haƙori. Wannan kuwa ni na sa ta bara, da laushinta, kuma a yanke take ƙat, sili biyun daidai wa daida. Yankan reza ne. Ga kuma ƙarzar bakin wuƙa a fenti, inda aka ɓanɓare robar aka mayar da ita a karkace. Makullin motar nan a aljihunka yake kwana. Wa zan zarga?

Na zauna a ƙasa na jingina da taya. Ina ta ganinka, da tabaronka a kan hanci, ka durƙusa da wannan gwiwar taka mai ciwo, kana waige kar maƙwabta su ga abin da kake yi. Me ya hana ka ce in zo kawai? Na san amsar, kunya ce, da ita aka raine ka, da ita ka raine ni. To ni me ya hana ni ganewa? Duk rayuwata na ɗauka Nura ka fi so, don da shi kake dariya, sunansa kake kira gatsal. Ban taɓa gaya maka ba, amma wunin nan biyu da muka yi a bakin ƙofar nan, ba ni da abin da ya fi su. Ina kewarka, Baba, kewar da ban san inda zan kai ta ba.

Gab da magariba Nura ya dawo da aron batir. Ya kunna, ƙofofi huɗu suka ɗauka, har awakin maƙwabta suka watse. Yana ta murna, ya tambaye ni me ya sami sifikar Baba tun farko. Na ce tsufa ne. Kada ka damu, na rufa maka asiri, ba zai ji a bakina ba.

Da ka ga dama, da a bayan rediyo ka yanke ta, inda zan gani nan take in haɗa in tafi. Sai ka zaɓi cikin robar, don ka ga da idonka cewa nan ne ke cinye wa mutum wuni. Dabararka ta ci, Baba. Na wuni a ƙofar gidanka tun daga hantsi har rana ta faɗi. Kai ne dai ba ka nan.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada ka da Inna a Aljanna. Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Auwalu