Layar da ba laya ba ce

Assalamu alaika, Baban Sadiya,

Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina, shi ya sa na ɗauki biro.

Na fita takaba ranar Litinin. Kafil ɗinka, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya yi mutunci, ya bar ni a ɗakinmu na unguwar Badi'a har na gama, amma iƙamata, takardar izinin zama, ta bi taka, an buga mini bizar fita ta ƙarshe. Alhamis zan tashi zuwa Kano. Sadiya ta haihu, namiji, an sa masa sunanka.

Jiya ina haɗa kaya na ci karo da layar nan taka mai jar fata. Ka san shekara goma sha ɗaya ina ƙinta. Na ce kada in jefa sunan Allah a shara, bari in farke ta in ƙona takardar yadda aka koya mana. Malam, babu takarda. Harsashi ne naɗe da auduga.

Tsawonsa kamar yatsana na tsakiya. Kwanson tagulla ne da ya yi duhu, gindinsa da baki kewaye kamar faifai, an buga masa 303. Na kira Baba Idi, abokinka mai gadin sito a unguwar Sulay, tunda ya taɓa aikin gandun daji. Ya daɗe yana juya shi a hannu. Ya ce irin na sojan Turawa ne, daga baya ya koma hannun mafarauta. Wai albarushin ciki ba gari ba ne, zare-zare yake kamar taliya. Ya nuna mini kansa inda aka goge da magagari har darma ta fito, don ya kayar da gwanki da harbi ɗaya. Sai ya ce aikin hannun mahaifinka ne, shi kaɗai ya rage a aljihunsa ranar da aka ɗauko gawarsa daga daji, kana ɗan shekara tara.

Ashe Baba Idi ya sani, ni da nake dafa maka tuwo ban sani ba. Da na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce ka taɓa gaya masa cewa ni ba na iya ƙarya. Riƙe harsashi babban laifi ne a nan; da shurɗa, 'yan sandansu, za su tambaye ni, da na faɗa, mu duka mu shiga uku.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da kake kwance a asibiti ka ce in kawo maka layar, na ce na nema ban gani ba. Ban nema ba. Ina sane da inda take, ƙarƙashin jallabiyoyinka. Tsoro na ji kada ka cika da shirka a hannu. Ka dube ni, ka juya fuska bango, ba ka sake tambaya ba. Ka gane, ko? Ƙaryar da na taɓa yi maka ke nan, kuma da ita muka rabu. Uba kake nema a lokacin, ni kuwa ina tsaye ina tuhumar imaninka.

Me ya hana ka yi mini ko ishara? Me ya hana ni tambaya sau ɗaya cikin ladabi, maimakon wa'azi?

Ba zan iya shiga jirgi da shi ba. Gobe Baba Idi zai karɓa, ya ce kada in tambayi inda zai kai shi. Kabarinka ba suna, kuma mata ba sa shiga maƙabarta a nan. Zan koma gida ba kai, ba abin da ka riƙe na mahaifinka, ba abin da zan nuna wa takwaranka.

Ina istigfari, amma haƙƙin naka ne, kuma kai kaɗai za ka iya yafewa. Ina zan same ka?

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada ka da mahaifinka.

Matarka da ta zarge ka ba da haƙƙi ba,
Rabi