Kujera Mai Zama Gado

Birmingham, Ingila

Yaya Zinnira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara da mutanen Kabo. Yaya jikin Baba? Tunda ya ce shi saƙon murya ba wasiƙa ba ne, ga shi na rubuta da hannu na turo hotonta, ki kai masa Madadi.

Albishirinki! Kin san yawon da kamfaninmu ke aika ni. To duk hawa jirgi ana tara mini maki, in ya taru sai a ba mutum tikiti da shi. Nawa ya kusa isa kujerar gaba, ta manya, wadda ake danna maɓalli ta miƙe ta zama gado. Bizar Baba kuma ta fito. Da wannan ƙugun nasa ba zan bari ya wuni a takure ba. A kwance zai zo, ya ga likita, ya ga takwaransa, ɗanmu da muke kira Mahbub. Saura ƙiris.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Muntari

*

Kabo

Muntari sarkin yawo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaida matarka Kamila da ɗan babana Mahbub. Ranar Juma'a na je Madadi. Tsohon hedimasta dai yana nan da halinsa. Sai da ya sa aka buga wasiƙarka a shagon kwamfuta a Gwarzo, ya bi ta da jan biro, wai Turai ta cinye maka lanƙwasar haruffa. Da ya zo kan maki ya yi dariya har da tari, ya ce, "Shi Muntari har yau jarrabawa yake yi?"

To yanzu ni da kai. Baba ba yadda ka bar shi yake ba. Ya daina cin tuwo, sai kunu, shi ma da lallashi. Sallah a zaune yake yi. Na tambayi Tasi'u na gidan Kawu, mai sayar da tikiti a Kano, ya ce makin da ya kusa kujerar gaba ya ishi mutum zuwa da komawa a kujerar baya. In haka ne, don girman Allah ka ɗauko yaron nan ku taho. Ba gado Baba ke nema ba, yana da gado a ɗakinsa.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zinnira

*

Birmingham

Yaya Zinnira,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, ina yi wa Baba sannu. Haba Yaya, kin cika gaggawa. Tasi'u bai yi ƙarya ba, amma in na zo hannu rabbana me na gyara? Kin manta yadda yake goya ni a keke daga Madadi zuwa makaranta a Gwarzo? Matashin kansa yake ɗaurewa a kariya don ni, shi yana kan fasasshen sirdi. Na yi wa kaina alkawari sai na rama masa.

Maki ya cika. Sai dai kujerun da suke bayarwa da maki kaɗan ne, kullum ina dubawa. An ce bayan ƙaramar sallah ana samu. Ki ce masa ya daure mini.

Naki,
Muntari

*

Madadi

Muntari,

Salamu alaikum. Yaya haƙuri? Ka ji a waya, amma kuka bai bar ni na gaya maka sauran ba.

Ranar Talata da hantsi na karanta masa wasiƙarka, don idonsa ya daina gani sosai. Da na zo kan matashin nan sai ya juya fuska bango. Can ya ce in miƙo jan biro, hannun ya kasa riƙewa. Sai ya ce, "Ki ce masa ya ci tun tuni. Ya ajiye biro ya taho gida." Na ce bari in yi azahar in kira ka. Kafin azahar ɗin, Baba ya cika.

Na ji haushinka, Muntari, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina ji. Ka ce sai a kwance zai tafi. To a kwance ya tafi. Tsofaffin ɗalibansa daga Garo, daga Gammo, har daga Kano, suna ta rububin sa kafaɗa a makara. Kafaɗarka kawai na nema ban gani ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri. Ɗakinsa yana nan, ban taɓa komai ba.

Yayarka,
Zinnira

*

Filin jirgin sama, Alƙahira

Yaya,

Salamu alaikum. Kujerar ta buɗe ranar sadakar uku. Ita na hau, don babu wata.

Ma'aikaciyar jirgin ta nuna mini maɓallin, ta kawo mini matashi. Na karɓa na rungume. Ban iya dannawa ba, Yaya. A zaune na zo.

Gobe da safe ina Kano, in Allah Ya yarda. Ki ajiye mini jan biron. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Muntari