Waken Gonar Malam

Gatawa,
9 Nuwamba, 2021.

Zuwa ga ɗana Hafizullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Nusaiba da jaririyarku. Mu nan sai godiya. Tun da aka yanke layin waya ban ji muryarka ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya Baffanka Sodangi ya kai wa Maigari takardar da ka ba shi a Sakkwato, wai hoton gonar marigayi Malam ce daga tauraron ɗan'adam. Ƙasa ja, ba ko tsiro. Da ita yake neman a ba shi gonar, tunda an bar ta. Jumma'a mai zuwa Maigari zai yanke magana.

Hafizu, wannan ne amfanin karatunka? Kai da bakinka ka bayyana mini cewa tauraron nan hanya ɗaya yake bi, daga arewa zuwa kudu. Abin da ke ƙarƙashinsa kawai yake gani, kuma sai bayan kwana biyar yake sake bi ta kanmu, da hantsi. In ya tarar da hadari, ya wuce ke nan bai ga komai ba. Ni da na tsaya a sakandare ban manta ba. Na duba ƙasan takardar, an rubuta 14 Yuni. Wa ke da tsiro a gona ranar 14 ga Yuni? Baƙon da ya leƙo gida sau ɗaya, shi ka sa ya yi shaida a kan uwarka.

To, ga abin da bai gani ba. Na yi maka alkawarin ba za ni sake taka gonar ba saboda 'yan bindiga. Na saɓa, kuma na nemi gafarar Allah. Gero na bari, don yana tsawo ya ɓoye mugu. A watan Yuli ni da Fatu maƙwabciyata muka shuka wake. Da an sallame Asuba mu fita, kafin hantsi mun dawo. Sau biyu muka kwanta tsakanin kunyoyin gonar muna jin baburansu suna wucewa. Ban gaya maka ba don kar ka kasa barci. Kai kuwa ka ba da gonar ubanka ba ka ko tambaye ni ba.

Direban da ya kawo maka wagga wasiƙa yana ɗauke da tiya uku na wake. Ka sa Nusaiba ta dafa, ka ci, sannan ka rubuto wa Maigari abin da ka ci da inda ya fito, kafin Jumma'a.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka natsuwa.

Mahaifiyarka,
Bilkisu