Akwatin Kaset Ɗin Kawu

Zuwa ga ɗan ƙanwata, Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Tuntuni na ji ana raɗe-raɗin wai zamani ya zo da za a ɗauke maka waƙa daga tsakar ɗaki ba a taɓa ƙofa ba. Na ce zancen teburin mai shayi ne. Sai ga ka da dabararka ta biyan kuɗin wata, wai duk waƙoƙin duniya su kwararo daga wayata zuwa tsohuwar rediyon falo.

To igiyar da ka soka a bayanta ta yi aiki har ta zarce. Ina zaune da surukai, likita ya kira, sifikun nan biyu suka shelanta wa falo halin da basir ɗina yake ciki. Ka sake da ɗan maɓallin da ka kira bulutut, shi kuma ba ya da mutunci, kowa nasa ne. Wanzamin da ke ƙasan bene ya kama shi, sai ya zama abin da yake ji nake ji, wani kiɗa kamar ana dukan tukunya da muciya. Tir!

Duk wannan da sauƙi. Ina akwatin kaset da ke ƙasan rediyon? Akwai kaset a cikinsa, kuma muryar maiɗakina, marigayiya Gwaggonka, na kai. Ka dawo mini da shi.

Ka gaida maiɗakinka.
Kawunka.

*

Ranka ya daɗe Kawu,

Ina gaisuwa, tuba nake kan maganar likita. Ran nan da ka tafi asibiti na cire bulutut na sa maka sabon akwati mai kama intanet kai tsaye, babu ruwansa da kira balle wanzami. Wuri ne ya yi kaɗan a kantar, shi ya sa na fitar da na kaset, ai ya daɗe yana cin zare. Na ba ɗan gwangwan mai turo baro a layinku. Waƙar nan da kake so ta cikin kaset ɗin kuwa na samo ta, tas, ba ƙara ba shiiii. Danna hoton zuciya kawai. Amma Kawu, yaushe Gwaggo ta yi waƙa?

Naka mai biyayya,
Injiniya.

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa. Wa ya ce maka waƙa ta yi? Faɗa ta yi. Ina ɗaukar waƙar daga gidan rediyo, ita kuma garin neman rage ƙara ta danna abin da ba shi ba, sai ga muryarta a tsakiyar amshi: "Malam, ka kashe abin nan ko in kashe shi da taɓarya!" Sannan dariyarta. Tun da ta rasu, a wannan gaɓar kaɗai ake yi mini tsawa a gidan nan.

Na danna zuciyar taka. Waƙar ta zo fes, kamar miyar da aka manta gishiri. Da aka iso gaɓar na kasa kunne, mawaƙin ya wuce abinsa, ba wanda ya katse shi. Shekaranjiya kuma sunan waƙar ya koma toka-toka, rubutu ya fito wai babu ita a yanzu. Wa ya shigo? Wa ya yi sallama? Ashe haya nake a kunnena. An raba ni da tsumma an ba ni rigar aro, mai riga kuma ya karɓe kayarsa a tsakiyar kasuwa.

Ka faɗa mini inda mutumin nan yake zube kayansa.

Kawunka.

*

Kawu,

Allah ya huci zuciyarka. Wallahi ban sani ba, da na yanke hannuna kafin in taɓa shi. Rumfar ɗan gwangwan ɗin na bayan masu walda, kusa da kwalbati. In zo in raka ka? Waƙar kuma an ce wani lokaci sukan maido ta.

Ɗanka,
Injiniya.

*

Injiniya,

Gaisuwa. Sha zamanka, na je ni kaɗai.

Akwatin ya riga ya zama tagulla da dalma. Da na tambayi kaset, sai mutumin ya ja ni bayan rumfa, inda yake ɗan lambun alayyafo. Ya zare zaren kakaf ya ɗaura shi daga sanda zuwa sanda, yana walƙiya a rana, iska na kaɗa shi. Ya ce tun da ya sa shi ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Na ce ba mamaki, ni ma haka Gwaggonka take yi mini.

Ya ce in kwance in tafi da shi. Na taɓa, rana ta riga ta cinye shi, yana marmashewa a yatsa. Na bar mata aikinta na korar tsuntsaye.

Ka zo ka kwashe akwatinka, ka bar mini kantar fayau. Da na ba mutumin labarin waƙar da ta ɓace, ko kai bai ɗaga daga sikelinsa ba, ya ce: "Baba, ai yanzu har ɗaki ake shiga a ɗauke waƙa ba a taɓa ƙofa ba." Ka ji wanda ya faɗa mini na ƙarshe, ɗan gwangwan. Shi kam na yarda da shi.

Ka huta lafiya.
Kawunka.