Rasuwar Malama Tasalla Na'Allah, Mai Gatanar Rana

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Inuwar Karatun Yara ta Sabon Birni da Isa, a madadin Shugabanta, Alhaji Abdulrasheed Hamza, da 'yan kwamitin amintattu da dukkan malamai mata masu aikin sa-kai a ƙarƙashinta, tana sanar da al'umma cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Hajiya Malama Tasalla Na'Allah, wadda yara suka fi sani da Inna Tasalla. Allah Ya karɓi ranta ranar Talatar da ta gabata a gidan mijinta, Malam Almu mai makarantar allo, a nan Sabon Birni, bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi mata sutura a ranar kamar yadda addini ya tanada. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

An haifi marigayiya a Gangara, a gidan malamai, inda ta sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinta kafin ta yi karatun malanta, ta kuma ƙare rayuwar aikinta kaf tana koyar da 'yan aji ɗaya, da farko a Isa, daga baya a Sabon Birni. Da yawa daga cikin waɗanda yau ke zaune a ofisoshi, da masu tuƙa motocin Sakkwato, da fataken da ke kai kaya Nijar suna dawowa, a gabanta suka fara gane baƙi. Amma aikin da ya sa wannan ƙungiya ke kuka a yau, bayan ta yi ritaya ta fara shi, a shekarun da ya kamata a ce tana hutawa.

Kowa a wannan yanki ya san abin da rashin tsaro ya yi wa dare. Dandali ya mutu, kakanni sun daina tara jikoki bayan sallar isha'i, mutanen ƙauyuka kuma suka yi ta kwarara cikin gari da ƙananan yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, wasunsu sai su wuni ba su ce uffan ba. A wannan hali ne Malama Tasalla ta shimfiɗa tabarma a zauren mijinta wata ranar Alhamis, ranar da almajirai ke hutu, bayan la'asar rana na sama, ta tara yaran unguwa da na 'yan gudun hijira, ta fara yi musu tatsuniya, wadda mu nan muke kira gatana. Hankalin tsofaffi ya tashi, domin tun kaka da kakanni an taso da cewa ba a gatana da rana, wanda duk ya yi zai ɓata. Da matan unguwa suka same ta da maganar, amsar da ta ba su har yau ana maimaita ta: "Waɗanga ɗiya sun baro gidajensu da gonakinsu, wace ɓata ta rage musu? Dare anka amshe muna, ba gatana ba. Ni dai za ni yi ta, in an ɓata mu ɓata tare."

Ba mu ɓoye wa jama'a cewa shi kansa Malam Almu, Allah Ya ƙara masa lafiya, bai so abin ba, kuma bai taɓa cewa ya so ba. A ganinsa, zauren da ake karatun Alƙur'ani ba wurin labarin kura da biri ba ne. Bai hana ta ba, amma duk Alhamis da ya ga an ɗauko tabarma sai ya ɗauki buzunsa da tasbaharsa ya koma waje gindin bango, ya zauna har a watse. Maƙwabta dai sun lura bangon da yake zaɓa shi ne mai taga, kuma tarinsa yakan taso daidai inda yara ke fashewa da dariya.

Marigayiya tana da hanyarta ta kai yaro daga baki zuwa takarda. Takan fara ba da labari da ka, da murya da hannu da ido, har yara su haddace shi, sannan ta rubuta sunayen dabbobin cikinsa a ƙasa da karan dawa, kowa ya bi da yatsa. Sai bayan haka take buɗe littafin labari mai hotuna, ta juya shi yana fuskantar yara, tana bin kalmomi da yatsa tana karantawa da ƙarfi. A nan ne take yin abin da ya zama alamarta: sai ta yi kuskure da gangan, inda aka rubuta akuya ta ce raƙumi, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Nan take zaure zai ɗauka, "A'a Inna! Akuya ta!" Ita kuwa sai ta kama baki ta ce su nuna mata, yara su yi ta rige-rigen ɗora yatsa a kan kalmar. Ta wannan hanya yaran da suka zo garin nan bakinsu a rufe suka fara magana, domin yaro ba ya iya haƙurin jin an ɓata masa labarin da ya sani. Malamanmu mata da ke zaman karatu a unguwannin Isa da Sabon Birni duk a wurinta suka koyi wannan dabara.

A shekarun baya-bayan nan ganinta ya yi rauni ƙwarai, amma ba ta bar zaman ba, domin labaran suna kanta. Ranar da ta riƙe littafi a kife ba ta sani ba, yaran suka ɗauka wasan da ta saba ne, suka yi ihu suka juya mata shi. Daga ranar ta miƙa musu littafin, suka koma su ke karanta mata, tana sauraro tana gyara musu da ka, kuma ta sha gaya wa 'yarta Malama Nana Firdausi cewa ba ta taɓa jin daɗin karatu kamar na wannan lokaci ba.

Da labarin rasuwarta ya iso mana, bayan zafin rashin, abin da ya fi damun ƙungiya da iyaye mata shi ne makomar wannan zama. Zaure na Malam ne, ra'ayinsa kuma sananne ne, babu kuwa wanda ke da fuskar tunkarar dattijo cikin makoki da maganar gatana, don haka muka ɗauka tabarmar ta naɗe ke nan. Ranar Alhamis, ranar addu'ar uku, zauren cike da malamai da masu ta'aziyya, ana idar da la'asar sai ga yaran sun taru a ƙofa kamar yadda suka saba, ƙanana ne, ba wanda ya gaya musu kada su zo. Aka tashi za a kore su, Malam Almu ya ɗaga hannu ya hana, ya sa manya suka matsa, ya aika cikin gida aka ɗauko tabarmar da littafin. Mutumin da ya yi shekaru yana karantar da manyan littattafan addini ya riƙe littafin yara yana fuskantar su kamar yadda take yi, ya fara karantawa a hankali, domin boko ba hannunsa ba ne. Bai yi nisa ba ya kira tunkiya inda aka rubuta akuya, kuma Allah ne kaɗai Ya san ko da gangan ne. Zaure ya ɗauka, "A'a Malam!" Dattijon da ba a taɓa yi wa gyara a gaban jama'a ba ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a gemunsa, ya ce, "Ku gwada min, ɗiyana. Haka taka cewa, ina jin ta ta taga." Babu wanda ke wurin da idonsa bai cika ba, har da mai sa hannu a wannan takarda.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Malam Almu, da Malama Nana Firdausi da sauran 'ya'ya da jikoki, da zuri'ar Malam Na'Allah ta Gangara, da iyayen ƙasa da malaman yankin Gobir baki ɗaya, tana roƙon Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu ma Ya ba mu, domin mun yi rashin uwa. Allah Ya gafarta mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sanya kowane baƙi da yaro ya gane ta dalilinta a mizaninta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarta, Ya kuma dawo mana da zaman lafiyar da kakanni za su sake tara jikokinsu ba tare da tsoro ba. Kafin wannan lokaci, da izinin mai gida kuma da bakinsa, muna sanar da iyaye cewa ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar su turo yaransu. Malam ya ce ba zai koma gindin bango ba.

Sa hannu:
Muzammilu Bawa Isa
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Inuwar Karatun Yara ta Sabon Birni da Isa