Abokin Yaƙin Ƙanena Ya Ba Mu Labarin Mutuwarsa Kala Uku

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya kai ni inda ko a shago sai in tsinci kaina riƙe da almakashi na manta abin da zan yanka. Ni tela ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Ƙanena, wanda muke kira Auta, soja ne. Shekara biyu ke nan da aka aiko mana da takarda cewa ya rasu a fagen daga. Ba mu ga gawa ba, ko takalminsa ba a kawo mana ba. An ce motar da kayansu ke ciki ta ƙone.

Wata takwas da suka wuce wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida, siriri, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Ya ce tare da Auta suka yi yaƙi, an sallame shi saboda rauni, yanzu gadi yake yi a wani sito. Mama ta riƙe hannun nan nasa tana kuka. Tun daga ranar duk Asabar sai ya zo. Shi ya gyara famfon da ya shekara yana ɗiga, shi ke raka ta asibiti awon jini. Mama da sai mun yi da gaske take cin loma biyu, yanzu ita ke shiga kicin da kanta. Kofur take ce masa, shi kuma ya ce mata Mama, kamar ita ta haife shi.

Na san za ki ce to mene ne abin damuwa. Anti, labarinsa ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar farko ya gaya wa Mama harsashi ɗaya ne, Auta bai ko ji zafi ba. Bayan wata biyu, ina zaune ina sa maɓalli a riga, na ji ya ce ya goya shi a baya tafiyar awa biyu, Auta yana ta neman ruwa. Wanda bai ji zafi ba, yaushe ya nemi ruwa? Sai kuma maigidana ya dawo daga rakiyarsa wata rana ya ce mini Kofur ya faɗa masa an ba su umarnin ja da baya ne, shi bai ga ƙarshen Auta ba. Takardar hukuma ta ce ranar Talata Auta ya rasu, shi ya ce Alhamis.

Sannan ga agogo. Watan jiya ya naɗe hannun riga zai ɗaga bokiti, sai na ga agogon da na saya wa Auta ranar da ya gama horo. Na san shi, akwai tsagewa a gefen gilashin. Na tambaye shi, ya ce Auta ne ya ba shi ajiya, ya cire ya miƙo mini. Ajiya ce, wata bakwai yana shiga gidanmu bai ambata ba? Kuma na lura bai taɓa zama yana fuskantar hoton Auta da ke falo ba, kullum sai ya juya masa baya.

Ba zan ɓoye miki ba, na taɓa bin sa a baya har wurin aikinsa. Gadin gaskiya ne, na dawo ina jin kunyar kaina, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wani lokaci in ce bai ma san Auta ba, agogon tsinta ya yi. Wani lokaci in ce gudu ya yi ya bar shi da rai. Akwai tunani na uku da ba zan iya rubutawa ba.

Yanzu Mama ta ce Kofur zai dawo ɗakin Auta da zama, har ta sa na wanke labule. Maigidana ya ce ba ni da tausayi, in bar tsohuwa ta samu sanyi. In na yi magana na karya mata zuciya karo na biyu. In na yi shiru, ban san wa zan ba makullin ɗakin ƙanena ba. Yaya zan yi?

Yayar Soja

*

Yayar Soja, Allah ya jiƙan Auta, ya ba ku haƙuri.

Ba rashin tausayi ba ne. An ba ku takarda a madadin mutum, dole zuciya ta yi ta bincike. Kuma abubuwan da kika lura da su ba ƙanana ba ne.

Sai dai ki auna wannan. Mai damfara labari ɗaya yake haddacewa, ya iya shi tas, kuma ba ya wata takwas yana gyaran famfo bai nemi komai ba. Sojoji da dama sun rubuto wa wannan fili, kusan dukkansu sun ce akwai labarin da ake ba uwa, akwai wanda ake ba namiji a hanya, akwai wanda mutum bai gaya wa ko kansa ba. Na farko rahama ce, ba lallai yaudara ba. Wanda ya kwana uku ana ruwan wuta a kansa yakan rikita Talata da Alhamis. Yana iya yiwuwa ya goya shi, aka ba da umarni, ya ajiye shi ya tafi, kuma abin da ke hana shi kallon hoton ke nan. Hasashe nake yi, ni ma ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba, don haka kar ki yanke masa hukunci, kar kuma ki ba da makulli tukuna.

Ki ce wa Mama ɗakin yana bukatar gyara, ki nemi wata ɗaya. A cikinsa ki je ofishin da ya aiko muku da takardar, da cikakken sunan Kofur da lambarsa ta aiki, ki nemi a tabbatar miki ko rukuninsu ɗaya da Auta. Ki gaya masa za ki yi hakan. Mai gaskiya zai ba ki lambar da hannunsa.

Bayan nan ki zauna da shi, ba a gaban Mama ba, maigidanki yana kusa. Kar ki jero masa kurakuransa kamar a kotu. Ki ce ke yayar Auta ce, kina son labarin da bai iya ba Mama ba. Amma kafin ranar ki tambayi kanki ko za ki iya ɗaukar amsar, domin abin da kunne ya ji ba ya komawa. In ya kasa magana a zama ɗaya, ki ba shi lokaci, ki kuma ƙarfafa masa ya ga likitan da ke kula da waɗanda suka dawo daga yaƙi.

In bincike ya nuna maƙaryaci ne, ki gaya wa Mama a hankali, ki rufe masa ƙofa ba tare da jin nauyi ba. In kuwa ya tabbata shi ne mutum na ƙarshe da ya ji muryar ƙanenki, to ko da ya bar shi a can, ki tuna umarni aka ba shi, kuma babu wanda ya tilasta masa neman gidanku. Da ƙafarsa ya zo.

Allah ya bayyana miki gaskiya, ya ba ki ƙarfin riƙe ta. Ki gaishe mini da Mama.

Anti