Farar Shaddar Baba

Juma'a da dare, Maris 2007, Al Sadd

Na wanke ta har hannuna ya yi zafi, kalar ta ƙi fita.

Rajesh, direba abokin aikinmu, shi ya gayyace mu bikinsu na Holi a wata gona can wajen Al Khor. Da na ji an ce biki, sai na ciro farar shaddar da marigayi Baba ya bar mini, na kafa hula. A garinmu wa yake zuwa bikin mutane da tsumma? Abokan aikina Sani da Iliya kuwa tsofaffin riguna suka sa. Sun taɓa zuwa, sun san abin da ake yi. Duk tsawon hanya ba wanda ya faɗa mini, sai "Ango ka sha ƙamshi!" suna ƙunshe dariya.

Ina fitowa daga mota aka watsa mini hoda ja da kore, aka bi da ruwa. Ashe bikin nasu na watsa wa juna kala ne.

Rajesh, da bai san tarihin rigar ba, ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Sani kuwa, ɗan unguwarmu, wanda ya sha ganin Baba cikinta ranar Juma'a, hoto yake ɗauka. Wai, "Haba malam, tufa ce fa, khalas, shi ke nan!"

Ga ta can a bokiti. Har yau da safe akwai ƙamshin turaren Baba a wuyanta. Yanzu sai warin sabulu.